Michael Faraday: ɗan maƙerin da ya mayar da zinariya jan ruwa

A ƙarƙashin ginin cibiyar Royal Institution da ke titin Albemarle a birnin Landan, akwai wasu 'yan kwalabe ɗauke da ruwa mai launin ja, wanda aka haɗa tun a tsakiyar shekarun 1850. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka zoɓo ne aka tsinka. Alhali kuwa zinariya ce ke yawo a cikin ruwan, an rarraba ta ƙwaya-ƙwaya ƙanana ainun, har ta rabu da launin rawaya da aka san ta da shi.

Wanda ya haɗa wannan ruwa shi ne Michael Faraday, masanin kimiyyar nan na ƙasar Birtaniya da ya mutu a shekarar 1867. Duniya ta fi saninsa da aikin lantarki, domin kuwa duk wani janareto da taransifoma a kan binciken da ya yi suke tafiya. To amma a tarukan da ake yi a yau kan fasahar nano, wato fasahar sarrafa abubuwa 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani, sau da yawa mai jawabi kan fara ne da nuna hoton waɗannan kwalabe, saboda laccar da Faraday ya gabatar a kansu a shekarar 1857 tana cikin abubuwan da ake ɗauka a matsayin tushen fannin.

Tarihin wannan mutum kusan duka a ɗakin lacca ya gudana. A kan bencin masu sauraro ya fara sanin kimiyya, sannan ya shafe fiye da shekaru 40 yana tsaye a gaban jama'a yana nuna musu abin da ya gano.

Daga shagon littattafai

An haifi Faraday a ranar 22 ga watan Satumban 1791 a unguwar Newington Butts, wadda a yanzu take cikin kudancin Landan. Mahaifinsa James maƙeri ne da rashin lafiya ta riƙa hana shi aiki, don haka gidan ya ɗanɗani talauci. Shi kansa Faraday ya tuna daga baya cewa a shekarar 1801, lokacin da abinci ya yi tsada, akwai sa'ad da burodi guda ake ba shi ya lallaɓa da shi har mako. Karatunsa na makaranta bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

Yana da shekaru 14 aka kai shi koyon sana'a wajen George Riebau, mai sayar da littattafai da ɗinka su da yi musu bango. Shekaru 7 ya yi a wannan shago, kuma ya ɗauki ɗabi'ar karanta littafin da aka kawo ɗinki kafin mai shi ya zo karɓa. A nan ya ci karo da babin lantarki na kundin Encyclopaedia Britannica, da kuma littafin Jane Marcet wanda ya bayyana ilimin sinadarai ta hanyar hira tsakanin malama da ɗalibanta. Bai tsaya ga karatu ba. Da tsofaffin kwalabe da guntayen katako ya harhaɗa na'urar samar da tartsatsin lantarki, don ya ga da idonsa ko abin da littafin ya faɗa haka yake.

Daga shekarar 1810 ya fara zuwa laccocin dare da wani maƙerin azurfa, John Tatum, yake gabatarwa a gidansa. Sule guda ake biya a kowace lacca, kuma wansa Robert ne ke biya masa. Sai a shekarar 1812 wani mai hulɗa da shagon, William Dance, ya ba shi tikitin shiga laccocin Humphry Davy a Royal Institution. Davy a lokacin shi ne tauraron masana sinadarai a Ingila, manyan gari maza da mata suna cika ɗaki don saurarensa. Faraday ya halarci laccoci 4, ya rubuta duk abin da ya ji, ya zana kayan gwajin, ya ɗinka littafi mai shafuka kimanin 300, ya aika wa Davy tare da neman aiki.

A farko Davy bai da gurbin da zai ba shi. Sai dai wani sinadari ya fashe ya ji wa Davy rauni a ido, ya nemi yaron ya taya shi rubutu na ɗan lokaci. Ba da jimawa ba kuma aka sallami mai hidimar ɗakin gwaje-gwaje saboda faɗa. Ta haka ne a watan Maris na 1813 Faraday ya sami aikin, a kan albashin sule 25 a mako da ɗakin kwana a saman ginin.

Mai wankin kwalabe yana nazarin malamai

Aikinsa shi ne wanke kwalabe da jera kayan gwaji a kan tebur kafin malami ya shigo. Wannan ya ba shi damar kallon masu lacca iri-iri daga gefe, yana lura da wanda ya riƙe hankalin jama'a da wanda ya sa su gyangyaɗi. A cikin 'yan watanni da fara aikin, yana da shekaru 21, ya rubuta wa abokinsa Benjamin Abbott jerin wasiƙu kan yadda lacca ta kamata ta kasance. Abin mamaki shi ne a lokacin bai taɓa gabatar da lacca ko ɗaya ba.

Ya fara ne da ɗakin kansa. A ganinsa idan iska ba ta shiga, masu sauraro ƙofar fita za su riƙa tunani, komai daɗin bayanin. Ya yi magana kan haske, da tsarin ƙofofi, da yadda za a jera kayan gwaji ta yadda wani ba zai tare wani ba, kuma kada a bar komai a kan tebur wanda ba za a yi amfani da shi ba. Game da mai laccar kuwa, ya ce lallai ya yi magana a hankali, ya fuskanci jama'a, kada ya juya musu baya, kada kuma ya kafa kansa a takarda yana karantawa ko da ya rubuta jawabin tun daga farko har ƙarshe. Ya ƙi yarda lacca ta wuce sa'a guda. Ya kuma nuna ƙyama ga malamin da ke neman tafi, ko mai yawan ba da haƙuri a kan ƙaramin kuskure.

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙara wa juna sani, ya ga mai bincike ya juya wa mutane ƙeya yana karanta rubutun da majigi ya haska a bango har lokacinsa ya ƙare, zai san cewa shawarar wannan saurayi ba ta tsufa ba.

A watan Oktoban 1813 Davy ya tafi da shi rangadi a nahiyar Turai, duk da cewa Birtaniya da Faransa suna cikin yaƙi. Sun yi watanni 18. Ya ga André-Marie Ampère a Paris, ya ga Alessandro Volta a Milan, ya kuma taya Davy ƙona lu'ulu'u da hasken rana a Florence don tabbatar da cewa asalinsa ɗaya da gawayi. Tafiyar ba ta yi masa daɗi ta kowane ɓangare ba, domin an ɗora masa aikin yaron gida, kuma uwargidan Davy ba ta ɗauke shi a matsayin komai ba sai bara.

Bayan dawowarsa ya gabatar da laccarsa ta farko a shekarar 1816 a ƙungiyar su Tatum. Da yake ya san harshensa na 'yan unguwar talakawa ne, sai ya shiga ajin koyon furuci da iya magana wajen wani malami, Benjamin Smart. Ko bayan ya yi suna yakan sa abokai su zauna cikin jama'a su rubuta kurakuransa. Mataimakinsa Charles Anderson, wani tsohon soja, yana da 'yan katuna da yake ajiye masa a kan tebur, ɗaya na tuna masa ya rage sauri, ɗaya kuma na sanar da shi lokaci ya kusa cika.

Lantarki da maganaɗisu

A shekarar 1821 ya auri Sarah Barnard, wadda suke ɗariƙa ɗaya ta addinin Kirista, ƙaramar ɗariƙar Sandemaniyawa. Ba su sami haihuwa ba. A watan Satumban wannan shekara ya nuna cewa waya mai ɗauke da lantarki za ta riƙa zagaya maganaɗisu ba tsayawa, wanda shi ne asalin injin lantarki. Wannan nasara ta jawo masa zargin cewa ya ɗauki tunanin William Wollaston, abokin Davy, ba tare da ambatonsa ba. Dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da maigidansa, har Davy ya yi adawa da shigarsa ƙungiyar masana ta Royal Society. An dai zaɓe shi a shekarar 1824.

A tsakanin nan ya mayar da iskar kulorin ruwa a 1823, ya kuma gano sinadarin benzin a 1825. Babban aikinsa ya zo ne a ranar 29 ga Agustan 1831, bayan mutuwar Davy da shekaru 2. Ya naɗa wayoyi biyu dabam-dabam a jikin zoben ƙarfe, ya lura cewa duk lokacin da ya kunna ko ya kashe lantarki a waya ta farko, sai lantarki ya motsa a ta biyun, alhali ba su taɓa juna ba. Kafin ƙarshen Oktoba ya nuna cewa motsa maganaɗisu a cikin naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki. Daga nan ya tsara ƙa'idojin yadda lantarki ke rarraba sinadarai a cikin ruwa, sannan a 1845 ya gano cewa maganaɗisu yana tasiri a kan haske.

Faraday bai iya lissafi mai zurfi ba, kuma bai ɓoye hakan ba. Da hoto yake tunani, yana ganin kamar akwai layukan ƙarfi da ke fita daga maganaɗisu su cika sarari. Masana lissafi da dama na zamaninsa sun ɗauki wannan a matsayin rauni, sai da James Clerk Maxwell ya zo ya fassara hotunan zuwa lissafi. Ana iya cewa wannan rashi ya amfani masu saurarensa, tun da mutumin da bai saba ɓuya a bayan alƙaluma ba dole ya nemi abin da zai ɗora a kan tebur kowa ya gani.

Daren Juma'a da laccar yara

Royal Institution na fama da ƙarancin kuɗi lokacin da aka naɗa shi shugaban ɗakin gwaje-gwajenta a 1825. A tsakiyar shekarun 1820 ne aka fara abubuwa biyu da suka farfaɗo da ita, wato laccar daren Juma'a ga manya, da kuma laccocin lokacin Kirsimeti ga yara. Ta daren Juma'a tana da tsari mai tsauri: da agogo ya buga mai jawabi zai shigo ya fara kai tsaye ba tare da doguwar gaisuwa ba, ya kammala cikin sa'a guda. Faraday da kansa ya gabatar da fiye da 100, kuma ba aikinsa kaɗai yake bayani ba, yakan ɗauki binciken wasu waɗanda ba su iya tsayawa gaban jama'a ba ya gabatar a madadinsu.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa a 1846 Charles Wheatstone ya tsorata ya gudu dab da fara lacca, shi ya sa Faraday ya maye gurbinsa. Masana tarihi ba su amince da batun gudun ba. Abin da ya tabbata shi ne a wata laccar watan Afrilun wannan shekara Faraday ya fito da hasashensa cewa wataƙila haske girgiza ce da ke bin layukan ƙarfin lantarki da maganaɗisu, kuma ya bayyana wa jama'a a fili cewa hasashe ne kawai.

Laccocin yara kuwa ya gabatar da su sau 19, daga 1827 zuwa farkon 1861. Mafi shahara a ciki su ne guda 6 da ya yi a kan kyandir. Yakan kunna kyandir ya tambayi yaran yadda aka yi narkakken kakin ke hawa lagwani, da dalilin da ya sa harshen wutar ke miƙewa sama, da abin da ke cikin duhun da ke tsakiyarsa. Sai ya tari tururin da ke fita ya nuna musu ruwa ne, ya rarraba ruwan zuwa iskoki biyun da suka haɗu suka yi shi, daga ƙarshe ya nuna cewa iskar da kyandir ke fitarwa ita ce wadda mutum ke fitarwa idan ya yi numfashi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan ya gina salonsa: idan zai ce abu yana faɗuwa ƙasa, sai ya sake shi ya faɗi.

An buga laccocin a matsayin littafi a 1861, kuma har yau ana sake buga shi a harsuna da yawa. Akira Yoshino na ƙasar Japan, wanda ya sami kyautar Nobel a 2019 saboda aikin batirin lithium, ya ce wannan littafi ne ya fara jawo hankalinsa ga kimiyya tun yana firamare. A zamanin Faraday kuwa, Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya kawo 'ya'yansa biyu laccar shekarar 1855.

Hukumomi ma sun riƙa neman sa. Ya shafe kusan shekaru 30 yana ba da shawara kan hasumiyoyin fitila masu yi wa jiragen ruwa jagora, ya binciki fashewar da ta kashe mutane 95 a mahaƙar kwal ta Haswell a 1844, kuma a 1855 ya rubuta wa jaridar The Times kan ƙazantar kogin Thames, bayan ya jefa fararen katuna a ruwan ya ga sun ɓace wa ido tun ba su nutse da nisa ba.

Zinariyar da ta sauya launi

Faraday ya haura shekaru 64, mantuwa kuma ta fara damunsa, lokacin da ya koma kan zinariya a farkon 1856. Tambayar da ke ransa ta haske ce: me zai faru idan haske ya ratsa abin da ya kai ƙanƙantar zangon hasken kansa? Ya zaɓi zinariya saboda ba ta tsatsa, kuma maƙera na iya buga ta har ta fi takarda sirantaka nesa ba kusa ba. Irin wannan falle idan an kalle shi rawaya ne, amma idan aka ɗaga shi ta fuskar rana sai hasken da ya ratso ya fito kore.

Ya so ya sami abin da ya fi wannan sirantaka, don haka ya koma ga sinadarai. Ya narkar da zinariya ta zama gishirinta a cikin ruwa, sannan ya zuba sinadarin fosforas wanda ke ƙwato zinariyar daga gishirin. Sai ruwan ya rine ya zama ja kamar yaƙutu. Ya shafe watanni yana maimaita gwajin, ya shirya ɗaruruwan samfura a kan 'yan gilasai, abokinsa Warren De la Rue yana taya shi dubawa da madubin ƙara girma mafi ƙarfi da suke da shi. Ba su iya ganin ƙwayoyin ba.

Duk da haka ya kafa hujja cewa zinariyar ba narkewa ta yi ba, tana nan a matsayinta na ƙarfe, ƙanƙanta kawai ta yi. Da ya tattara hasken rana da gilashi ya ratsa ruwan, sai hanyar hasken ta bayyana a ciki, kamar yadda ake ganin hasken da ya shigo ta kafar taga a ɗaki mai ƙura. Ruwan da abu ya narke a cikinsa da gaske ba ya yin haka. Da ya zuba ɗan gishiri kuma, sai jan ya koma shunayya ko shuɗi, daga bisani zinariyar ta kwanta a ƙasan kwalba. Ya fahimci cewa ƙwayoyin ne suka dunƙule suka ƙara girma, kuma sauyin girman shi ya sauya launin. Ya kuma lura cewa idan aka sa wani abu mai yauƙi irin na romon ƙashi a ruwan, gishirin ba ya iya dunƙule su.

A watan Fabrairun 1857 ya gabatar da sakamakon a gaban Royal Society, a babbar laccarta ta shekara-shekara da ake kira laccar Baker. Abin da ya fito da shi, cewa abu guda na iya sauya halinsa saboda girmansa kawai ba tare da an canza sinadarinsa ba, shi ne ginshiƙin fasahar nano a yau. Yadda ya gabatar da shi ma abin lura ne. Ya bambanta abin da gwaji ya nuna da abin da yake zato, ya kuma amsa cewa binciken bai ba shi amsar tambayar da ya fara da ita kan haske ba. Mai bincike da ke neman a yaba masa da wuya ya faɗi haka a gaban manyan fanninsa.

Ba shi ne ya fara amfani da irin waɗannan ƙwayoyi ba. Akwai wani kofin gilashi na Rumawa daga ƙarni na 4, kofin Lycurgus, a gidan tarihi na British Museum, wanda yake kore idan haske ya faɗa masa ta waje, ja kuma idan hasken ya ratso ta ciki, saboda ƙwayoyin zinariya da azurfa da ke jikinsa. Haka nan maginan tangaran na ƙasar Iraƙi a zamanin daular Abbasiyawa, a ƙarni na 9, sun ƙware wajen yi wa kwanuka wani shafe mai ƙyalli kamar zinariya, wanda bincike ya nuna ƙwayoyin azurfa da tagulla ne. Waɗannan gwanaye sun san yadda ake yi, sun kuma riƙe shi a matsayin sirrin sana'a. Faraday ya nemi dalilin abin, ya rubuta yadda ya yi dalla-dalla, ya karanta a bainar jama'a domin wani ya iya maimaitawa.

An ɗauki lokaci kafin a cike giɓin da ya bari. A 1861 Thomas Graham ya ba irin wannan haɗi suna a kimiyyance. A farkon ƙarni na 20 Richard Zsigmondy da Henry Siedentopf suka ƙera madubin da ya ba da damar hango ƙwayoyin a matsayin ɗigon haske, kuma Zsigmondy ya sami kyautar Nobel a 1925. A 1908 Gustav Mie ya yi lissafin da ya bayyana launin. A taƙaice, ƙwayoyin lantarkin da ke jikin ɗan ƙaramin ƙwayar zinariya suna kaɗawa tare idan haske ya same su, sai su shanye koren haske su bar ja ya wuce. Da aka sami madubin da ke aiki da ƙwayoyin lantarki, aka haɗa ruwan bisa tsarin Faraday aka auna, an tarar ƙwayoyin daga 'yan nanomita kaɗan ne zuwa 'yan gomomi. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita, kuma kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita dubu 80.

Shi kansa fannin a ɗakunan taro ya sami suna. A ranar 29 ga Disamban 1959 Richard Feynman ya yi jawabi a taron ƙungiyar masana fiziya ta Amurka a jami'ar Caltech, inda ya yi hasashen cewa wata rana za a iya jera ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Jawabin bai ja hankali sosai ba sai a shekarun 1980. Kalmar fasahar nano kuwa Norio Taniguchi ne ya fara amfani da ita a wata takarda da ya gabatar a taron injiniyoyi a Tokyo a 1974. A 1989 masu bincike na kamfanin IBM suka jera ƙwayoyin zarra 35 suka rubuta sunan kamfanin da su.

Jan ruwan Faraday ya iso har ƙananan asibitoci. Da yawa daga cikin 'yan na'urorin gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, da na juna biyu, da na cutar korona, da ƙwayoyin zinariya suke aiki. Ana liƙa musu sinadarin da ke kama alamar abin da ake nema, idan alamar tana cikin jini ko fitsari sai ƙwayoyin su taru a wuri guda. Jan layin da ma'aikacin lafiya ke dubawa tarin zinariya ne.

Ƙarshen rayuwa

Faraday bai tara dukiya ba, ko da yake masana'antu sun nemi shawararsa da kuɗi mai tsoka, kuma tun a shekarun 1830 ya rage irin wannan aiki don ya sami lokacin bincike. An yi masa tayin shugabancin Royal Society ya ƙi. Ya kasance dattijo a ɗariƙarsa, yana wa'azi a ƙaramar majami'arsu, kuma waɗanda suka ji shi a wuraren biyu sun ce salon wa'azinsa a natse yake, babu karsashin da aka san shi da shi a ɗakin lacca. A 1858 Sarauniya Victoria ta ba shi gida a Hampton Court.

Mantuwar ta ci gaba da tsananta. A 1861 ya ajiye laccar yara. A watan Yunin 1862 ya gabatar da laccarsa ta ƙarshe ta daren Juma'a, a kan wani sabon murhun masana'antu mai aiki da gas, inda ya sanar da masu sauraro cewa lokacin janyewarsa ya yi. Mutumin da tun yana saurayi ya rubuta sharuɗɗan lacca mai kyau ya ga cewa shi kansa ba zai iya cika su ba kuma.

Ya mutu a ranar 25 ga Agustan 1867 a gidansa na Hampton Court, yana da shekaru 75. Tun da ransa ya nuna ba ya son a binne shi a Westminster Abbey inda ake binne manyan ƙasar, don haka aka kai shi maƙabartar Highgate. Daga 1991 zuwa 2001 hotonsa na jikin takardar fam 20 ta Bankin Ingila, kuma zanen da aka sa a gefensa na lacca ne, yana tsaye a bayan teburin gwaji jama'a na kallo. Laccocin yaran ba a fasa su ba sai a shekarun 1939 zuwa 1942 saboda yaƙin duniya na biyu, kuma tun daga 1966 ake nuna su a talabijin kowace shekara.